Wa zai riƙe mabuɗin ɗakin? Fashin baƙi kan digiri na biyu a fannin manufofi da gudanar da harkokin fasaha

Ranar wata Juma'a bayan sallar isha'i, yayata ta aika a kira ni gidanta a cikin tsohon garin Sakkwato. Na same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, ɗiyarta na gefe ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta karanta Tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta gama bautar ƙasa, sai ta zo wa uwarta da zancen da ya hana ta sukuni: tana son yin digiri na biyu a fannin manufofi da gudanar da harkokin fasaha da al'adu. Ko gaisawa ba mu gama ba Yaya ta ce, "Kai ka san takardun boko. Wanga karatu da ta ka hwaɗi, aikin mi a ka yi da shi? Kiɗi za a koya mata ko rawa?"

Na daɗe ina kai-kawo a wannan harka, tun daga rakiyar masu bincike zuwa gidajen malamai har zaman kwamitocin shirya bukukuwa, don haka na san ba Yaya kaɗai ke da wannan tambaya ba. Abin da na gaya mata a daren nan shi zan faɗaɗa a nan.

Wanda ya shiga wannan fanni ba a miƙa masa kalangu, ba a miƙa masa alƙalamin zayyana. Ana koya masa abubuwan da ke kewaye da mai fasaha, waɗanda in babu su aikinsa ba ya kai labari: kuɗi, doka, wurin ajiya, ma'aikata, lissafi, da shawarar abin da za a fifita idan kuɗin bai isa ba. Asibiti yana da likita, yana kuma da wanda bai taɓa riƙe allura ba amma shi ke tabbatar da akwai magani a sito da mai a janareto. Gidan tarihi, da ɗakin adana rubuce-rubuce, da bikin al'ada, da kamfanin shirya fim, duk suna buƙatar irin wannan mutum. Karatun ƙafa biyu gare shi. Ɗaya ita ce manufa, wato tambayar wa ya kamata ya biya, me za a adana, wa ke da ta cewa. Ɗayar ita ce gudanarwa, wato yadda ake tsara kasafi, a nemo tallafi, a ƙulla yarjejeniya, a jawo 'yan kallo, a rubuta rahoton abin da aka kashe. Wasu jami'o'in sun fi karkata ga ta farko, wasu ga ta biyu, kuma ya kamata mai nema ya gane wannan tun kafin ya cike fom.

Bayani irin wannan ba ya shiga kunne sai an ga abu da ido.

Shekarun baya na raka wani ɗalibi gidan wani dattijon malami a nan cikin gari. Bayan doguwar gaisuwa a zaure, ya sa jikansa ya fito da wata tsohuwar adaka. Da aka buɗe sai ga gafakoki na jar fata, wasu sun bushe sun tsattsage. Malam ya kwance igiyar ɗaya a hankali, ya ɗago takardun da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Baƙar tawada da ja, rubutun yana nan raɗau, amma gara ta cinye gefe guda har ta taɓa layin ƙarshe. Akwai fiƙihu, akwai waƙoƙin wa'azi cikin ajami na Hausa da Fulatanci, akwai wasiƙun kakanninsa. Ƙamshin tsohuwar takarda da ƙura ya cika zauren. Na ce, "Allah gafarta Malam, me zai hana a kai su inda za a kula da su?" Ya mayar da takardun, ya ɗaure igiyar, sannan ya ce, "Ɗana, zamanin mahaifina an zaka an ɗauki wasu da sunan aro. Har yau ba su komo ba."

Duk abin da ake karantawa a shekara ɗaya ko biyu na wannan digiri yana cikin adakar nan. Na wa ne takardun, na Malam ne ko na duk magada? Idan aka ɗauki hotonsu da na'ura, wa ke da ikon hoton, kuma wa zai ba da izinin a ɗora shi a intanet? Wace irin takardar yarjejeniya za ta sa dattijon da aka taɓa cin amanar gidansu ya sake yarda? Nawa ne kuɗin akwatunan da ba sa cin takarda, da maganin ƙwari, da albashin wanda zai riƙa dubawa, ba na bana kaɗai ba, na shekara ashirin? Akwai masu ba da kuɗin irin wannan aiki. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa tun 2004, kuma shirin ya yarda a bar takardu a ƙasarsu a ɗauki hoto kawai. Amma kuɗin ba ya zuwa wurin wanda ya fi kowa takardu. Yana zuwa wurin wanda ya iya rubuta buƙata, ya jera kasafi, ya kawo shaidar yardar masu kaya. Muna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, muna da malaman Larabci da Tarihi da Hausa waɗanda za su karanta kowane layi su yi sharhi. Inda muke da ƙaranci shi ne mutumin da zai tsaya tsakanin malamin zaure, da masanin jami'a, da mai ba da kuɗi, ya iya harshen kowannensu.

Darasin da ya fi buɗe mini ido a wannan fanni na tattalin arziki ne. A 1966 wasu masana biyu 'yan Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana dalilin da ya sa fasaha ke ƙara tsada kullum ko da babu wanda ya yi almubazzaranci. A masana'anta, inji yana sa mutum ɗaya ya yi aikin mutum ɗari. A fasaha ba haka ba ne. Makaɗin fada da ke buƙatar 'yan amshi da masu kotso a zamanin kakanninmu, yau ma adadinsu yake buƙata. Mai ɗinkin aska takwas da hannu, watannin da ya ɗauki kakansa su zai ɗauke shi. Baduku mai aikin jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can ta riƙa isa gare su, ba zai iya tsere da injin da ke zubo takalman roba dubu a wuni ba. Alhali kuɗin gero da haya da makarantar yara suna hawa masa kamar kowa. Wannan ne ya sa ɗan baduku ke ajiye wuƙa ya hau kabu-kabu. Ba lalaci ba ne, ba kuma raina gado ba ne. Lissafi ne ya kore shi. Wanda ya fahimci haka zai daina tara masu sana'a yana yi musu wa'azin riƙe al'ada, ya koma tunanin inda giɓin kuɗin zai fito.

Kowace ƙasa da yadda take cike giɓin. Faransa ta kafa ma'aikatar al'adu a 1959, gwamnati ta ɗauki nauyin kai tsaye. Birtaniya ta kafa majalisar fasaha a 1946 bisa tsarin da gwamnati ke ba da kuɗi amma ta ja baya, ƙwararru su raba, don kada minista ya zaɓi wanda ke yabonsa. Amurka ta kafa asusunta na ƙasa a 1965, amma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da abin da attajirai da gidauniyoyi ke bayarwa, domin doka na rage wa mai bayarwa haraji. Shi ya sa darasin neman gudummawa ke da babban kaso a kwasa-kwasan Amurka.

A nan ne nake jan kunnen duk mai shirin tafiya. Tsarin da za a koya maka an gina shi a kan harajin da ake biya da gidauniyoyin da suka shekara ɗari. Mu kuwa namu tsarin daban ne, kuma ba ƙaramin tsari ba ne. Fada ce ta riƙe makaɗa: Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa. Doki, da riga, da damman hatsi, da gona, su ne albashi da fansho. Manomi ya riƙe makaɗin noma, ɗan dambe da 'yan kallonsa suka riƙe makaɗin dambe, biki da suna suka riƙe sauran. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, baitulmalin En'e ya bar hannun sarakuna, wannan rijiya ta ja baya, kuma ba a haƙa wata a madadinta ba sai ta 'yan siyasa, wadda ke cika lokacin zaɓe ta ƙafe bayansa. Ɗalibin da ya dawo daga waje yana neman attajirin da zai ba gidan tarihi kuɗi don a rage masa haraji, zai sha zama a ƙofar gida. Amma wanda ya dawo ya dubi waƙafi, ya tambayi kansa ko hayar shaguna biyar da aka yi waƙafinsu za ta iya riƙe ɗakin adana littattafan malamai har abada, wannan ya kama hanya. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi, kuma attajirinmu ya san ladan sadaka mai gudana fiye da yadda ya san rangwamen haraji.

Na ce wa Yaya, ai ko a gidan Shehu an yi wannan aiki. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba waƙa kawai ta rubuta ta ajiye ba. Ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, wato mata masu jagorantar koyarwa, ta ba kowace malfa a matsayin alamar izini, ta mayar da waƙoƙi abin koyarwa mai sauƙin hadda, ta sa mata daga ƙauyuka suna zuwa suna ɗauka suna komawa da shi. Wanda zai koyar, da abin da zai koyar, da hanyar da zai isa ga mutane, duk ta yi musu tsari. Wannan shi ne gudanarwa, ko da ba a kira shi da sunan a lokacin ba. A nan ne na ga Yaya ta gyara zama.

Ta fuskar hukuma, Nijeriya ba ta rasa gine-gine da dokoki ba. An kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa a 1975. An yi FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, har da babban hawan daba a Kaduna. Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta zo a 1979, manufar al'adu ta ƙasa ta fito a 1988, aka yi dokar asusun tallafa wa fasaha a 1991, wadda masu fasaha suka daɗe suna kukan ba su gan ta a ƙasa ba. A 2023 aka ware wa fasaha da al'adu ma'aikatar tarayya ta kansu. Takarda dai akwai ta. Tsakanin takarda da ƙasa ne aikin yake.

Dubi Argungu. Bikin kamun kifin ya samo asalinsa na yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Wannan bai faɗo daga sama ba. Wasu ne suka zauna suka rubuta kundi bisa ƙa'idojin yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kiyaye al'adun gado, suka nuna yardar al'umma da shirin kiyayewa. Amma a daidai lokacin da ake murnar shigarsa jerin, bikin kansa ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, sai a 2020 aka koma Matan Fada, inda ake kamun kifin. Hawan sallar Kano ya shiga jerin a ƙarshen 2024. Mu kuma ga Surame a ƙaramar hukumar Binji, birnin da Kanta na Kabi ya gina da ganuwar dutse tun ƙarni na 16, yana jerin jiran UNESCO tun 2007. Har yau wurare biyu kacal Nijeriya ke da su a babban jerin wuraren tarihi na duniya, Sukur tun 1999 da kurmin Osun a Oshogbo tun 2005. Fitar da wuri daga jerin jira yana buƙatar taswirar iyaka, da tsarin kulawa, da yarjejeniya da manoma da makiyayan da ke kewaye, da kasafin da ba ya yankewa. Ba aikin masanin tarihi kaɗai ba ne. Duk lokacin da na tuna Surame, da Alkalawa, da Degel, raina yakan sosu, domin abin da ya rage ba dutse ba ne, mutum ne.

Akwai kuma darasin da babu jami'ar waje da za ta koya maka kamar yadda gida zai koya maka. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano. Malamai da jama'a da dama suka nuna rashin yarda, aka janye shirin. Ko mutum yana goyon bayan aikin ko ba ya yi, abin lura ɗaya ne: an sanar kafin a zauna da waɗanda maganarsu ke da nauyi a wurin jama'a. A garin da ke da Hubbaren Shehu, mai tsara manufar al'adu dole ya san inda iyakar addini take, ya girmama ta da zuciya ɗaya, ya kuma iya bayyana wa malami abin da yake nufi ba tare da kwana-kwana ba. Ɗan gida ya fi baƙo damar yin haka, kuma wannan babbar hujja ce ta cewa yaranmu ne ya kamata su karanci fannin.

Sai doka, wadda nake ganin ita ce ɓangaren da ɗalibi zai fi saurin amfanar mutane da shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba waƙa da rubutu kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Ke nan iyalan makaɗan da suka rasu shekara talatin ko arba'in da suka wuce suna da haƙƙi a kan waƙoƙin da ake ɗorawa a YouTube ana samun kuɗin talla. Mafi yawansu ba su san da wannan ba, wanda ya sani kuma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Haka kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. Tun 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan da ake yawan sacewa, kuma dokar ƙasa ta hana fitar da su ba da izini ba. Manomin da ya tono irin wannan a gonarsa, dillali ya ba shi kuɗin buhun masara, bai san abin da ya rabu da shi ba.

To, a ina ake karatun? Ba sai an tsallaka teku ba. Cibiyar Wayar da Kai kan Al'adu ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NICO, tana ba da babbar difloma a gudanar da harkokin al'adu. A Jos akwai cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kayan tarihi da na wasan kwaikwayo, ga kuma Gidan Arewa a Kaduna. Jami'ar Maiduguri ta yi haɗin gwiwa da Jami'ar Hildesheim ta Jamus da ta Cape Coast a Gana tun 2016 kan al'adu da ci gaba. Akwai kuma hanyar da mutane ba su cika lura da ita ba: ka yi digiri na biyu a Gudanar da Mulki ko Tarihi ko Harsunan Nijeriya a nan Ɗanfodiyo, ka sa kundin bincikenka ya zama a kan kasafin al'adu na jiha ko makomar takardun gidajen malamai. Sunan digirin ba zai ce fasaha ba, amma aikin shi ne. Mai sakamako mai daraja ta biyu yakan shiga kai tsaye; mai daraja ta uku ko babbar diflomar kwalejin kimiyya yakan fara da diflomar share fage.

A cikin Afirka, Jami'ar Witwatersrand da ke Johanasbag tana da sashen manufofi da gudanar da al'adu. Wanda ya iya Faransanci, kuma ga mu da Ƙwanni a bayan Illela, yana da Jami'ar Senghor a Iskandariya ta Masar da makarantar kula da kayan gado a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin. Na fi son waɗannan a raina, domin matsalolin da ake kawo misali da su a aji irin namu ne: rufin da ke yoyo, da kasafin da ba a saki ba. A Ingila, Goldsmiths da Warwick da King's College suna da kwasa-kwasan shekara ɗaya. A Amurka, Jami'ar Jihar Ohayo da ke Kolumbus tana da digiri mai wannan suna daidai, Carnegie Mellon kuma ta fi ƙarfi a ɓangaren gudanarwa. Can shekara biyu ake yi.

Maganar kuɗi kuwa, gara a faɗe ta a fili. Da canjin naira na yanzu, ban ga hikimar sayar da gona ko gidan gado don wannan digiri ba. Albashin da ke jiran mai shi ba zai mayar da kuɗin ba. In za a fita, a fita da tallafi. Chevening ta Birtaniya tana biyan komai, amma tana neman shekara biyu ta gogewar aiki, wato awa 2,800, da alƙawarin komawa gida na shekara biyu. Akwai Commonwealth, da Fulbright, da DAAD ta Jamus, da Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai. A Amurka akan ɗauki ɗalibi ya riƙa taimakon malami kamar awa 20 a mako, a yafe masa kuɗin makaranta a ba shi na abinci. Za a nemi jarrabawar Turanci irin su IELTS ko TOEFL, da cikakken sakamakon jami'a, wanda fitar da shi kan ɗauki lokaci, don haka a fara nema da wuri, da wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku. Amma abin da ke raba gardama shi ne takardar bayyana manufa. Ɗaruruwa za su rubuta cewa suna ƙaunar al'ada tun suna yara. Wanda ya rubuta cewa ya zauna da iyalai goma masu takardu, ga abin da ya gani, ga abin da ya gagare shi, ga darasin da yake nema don ya warware shi, shi za a ɗaga takardarsa a sake karantawa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a tashi daga bautar ƙasa a faɗa wannan digiri kai tsaye. Fanni ne da ke amsa tambayoyi, kuma wanda bai taɓa aiki ba bai da tambayar tukuna. Ni tawa tambayar na same ta ne wani dare bayan an tashi daga wani biki da nake cikin kwamitinsa. Manyan baƙi sun watse, ana naɗe rumfuna, sai na ga 'yan wasan da muka gayyato daga ƙauye zaune a gindin bishiya, gangunansu a jingine, wani tsoho a cikinsu yana goge ƙurar ƙafarsa da gefen riga. Tun safe suke cikin rana. Kuɗinsu bai fito ba, ofishin da ya kamata ya biya ya ce sai an sa hannu, mai sa hannun kuma ya tafi. An biya mai rumfa da mai lasifika tun kafin biki, domin su sun zo da takarda. Waɗanda aka taru dominsu ba su da ko layi ɗaya a rubuce. Muka haɗa musu kuɗin mota daga aljihunmu. Tsohon ya karɓa ya yi godiya, kuma godiyar ta fi yi mini ciwo fiye da a ce zagina ya yi. Babu mugu a kwamitin nan. Babu dai wanda ya san cewa yarjejeniya da kafin alƙalami ana yin su ne tun ranar gayyata.

Aikin da ke bayan digirin ba shi da yawa, kuma ba a yin arziki da shi. Akwai ma'aikatu da hukumomin al'adu, da gidajen tarihi, da jami'o'i, da gidajen rediyo da talabijin, da kamfanonin fim da na mawaƙa, da ƙungiyoyin da ke aiki da tallafin waje. Da yawa sai mutum ya ƙirƙiro wa kansa kujerar. Abin da ke kwantar da hankali shi ne iya rubuta buƙatar tallafi, da tsara kasafi, da bibiyar aiki, sana'a ce da ake nema a fannin lafiya da ilimi ma, don haka wanda ya iya ta ba ya zaman banza.

Ɗiyar yayata ta saurari duk wannan ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kawu, ke nan in dakata?" Na ce ta dakata da fom, kada ta dakata da aiki. Bayan mako biyu na kai ta gidan dattijon nan mai adaka, tare da ƙanenta. Malam bai yarda a fitar da ko warƙa ɗaya daga gidansa ba, bai kuma yarda a ɗauki hoto ba tukuna. Ya dai yarda ta riƙa zuwa ranar Alhamis da safe, lokacin da almajirai ba su da karatu, ta zauna a zaure yana buɗewa yana faɗa mata sunan littafi da wanda ya kwafe shi, ita kuma tana rubutawa a littafinta, tana sa alama a kan waɗanda gara ta taɓa. Ya kafa sharaɗi ɗaya: duk abin da ta rubuta, ta kwafe masa nasa da ajami ya ajiye a cikin adakar. Yanzu suna kan gafaka ta huɗu, kuma Yaya ce ke tashinta da asuba ranar Alhamis.